Yadda za ka binciki wefgaid da rezoneta na tangaran, daga biro da takarda har zuwa awo

Ƙannena masu karatun injiniyan lantarki da furojet ya jefa ku ɓangaren maikurowef, ko kuna poli ta Waziri Umaru nan Birnin Kebbi, ko jami'ar Aliero, ko can Gusau da Ƙauran Namoda, wanga rubutu naku ne. Abubuwa biyu nike so mu bi a hankali, wefgaid, wato bututun ƙarfen nan da igiyar maikurowef ke bi ta cikinshi, da kuma rezoneta na dayilektirik, 'yar ƙwayar tangaran da ke kama firikwensi guda ta riƙe. Kuma tun yanzu in faɗa maku inda na tsaya, ni ban yarda mutum ya buɗe manhajar kwaikwayon igiya irin HFSS ko CST ba sai ya riga ya san amsar da yake jira da biro da takarda, don manhaja komi ka zuba mata za ta zana maka hoto mai ja da shuɗi, kuma wallahi abin yana mani ciwo in ga yaro mai ƙoƙari ya yi wata da watanni kan kwamfuta, ranar difens a tambaye shi mi ya sa firikwensin ya faɗo nan bai faɗo can ba, ya rasa ta cewa.

Kayan aikinka na farko ba tsada gare su ba. Ka je wurin masu ɗaura dish, ka gaida maigidan shagon da kyau, ka roƙe shi matattun LNB, kan dish ɗin nan da ake jefarwa idan ya daina kamu. Ka nemi na Ku ban guda biyu ko uku, in Allah ya sa ka samu babban nan na C ban ka haɗa da shi. Ka fi nacewa kan tsofaffi, don sababbin yanzu mafi yawa PLL ne, kiristal na MHz 25 ko 27 ke ciki, babu ƙwayar da muke nema. Sai baniya kalifa, da ƙaramin sukundireba, da kalkuleta. Cikin LNB guda akwai wefgaid, akwai rezoneta, akwai layin maikurositirif, wato siririn layin ƙarfe da ke kwance kan fanel, duk darasin yana tafin hannunka.

Fara da bututun

Ka cire murfin robar da ke gaba ka leƙa. Bayan bakin nan mai buɗewa za ka ga maƙogwaro zagayayye ya shige ciki, to shi ne wefgaid ɗin. Abin da ya bambanta shi da kebul shi ne ba waya a tsakiya, igiyar tana tafiya ne tana bugun bango tana dawowa, kuma saboda haka ba kowace igiya ke samun shiga ba. Akwai firikwensin da in ba a kai shi ba komi ba ya wucewa, shi ake kira katof, kuma shi ne lamba ta farko da za ka nema duk lokacin da anka miƙo maka wefgaid. Lord Rayleigh ya yi lissafin wanga abu tun 1897, sai a 1936 George Southworth na Bell Labs da Wilmer Barrow na MIT a Amurka sunka nuna shi a aikace, kowa ta hanyarshi.

Mu fara da mai kusurwa huɗu don lissafinshi ya fi sauƙi. Faɗin ciki ana kiranshi a, tsayin ciki b, kuma ka lura na ce ciki, kar ka haɗa da kaurin ƙarfe. Mod shi ne salon da igiya ke tafiya da shi cikin bututu, na farko shi ne TE10, katof ɗinshi gudun haske raba da 2a. In kana son hanya gajera, ka raba 150 da faɗin a milimita, amsar ta fito a GHz. Ɗauki wefgaid mai lamba WR-90 da ake amfani da shi a X ban, faɗinshi milimita 22.86, tsayi 10.16. Raba 150 da 22.86, ka samu kusan GHz 6.56. Mod na biyu TE20 ninki biyu ne, GHz 13.1, sai TE01 wanda ya dogara da b, kusan 14.8. To ka ga tsakanin 6.56 da 13.1 mod guda ne kaɗai ke tafiya, kuma nan ake son a yi aiki, amma ba a matsawa kusa da gefe, shi ya sa a takarda za ka ga an rubuta WR-90 daga GHz 8.2 zuwa 12.4. Kusa da katof asara tana hawa sosai, sigina kuma yana wargajewa saboda kowane firikwensi da gudunshi. Ka gwada da kanka kan WR-75 na masu VSAT, faɗi milimita 19.05, in ba ka samu kusan 7.87 ba ka sake.

Na LNB ɗinka zagayayye ne, lissafin ya ɗan canza saboda fanshin ɗin Bessel ya shigo, amma ba sai ka tsorata ba, lambobi biyu za ka riƙe. Mod na farko TE11, raba 175.7 da dayamita a milimita. Na biyu TM01, raba 229.5 da dayamita. A ce ka zura kalifa ka samu milimita 18, TE11 zai fito GHz 9.76, TM01 kuma 12.75. Yanzu ka tuna tashoshin Ku ban daga 10.7 suke zuwa 12.75. Ka ga yadda anka yanka ramin daidai da aikinshi. Naka zai iya fin haka ko ya kasa da kaɗan, ka rubuta abin da ka auna ka yi lissafinka.

Mataki na gaba shi ne wanda ɗalibai sunka fi faɗuwa a kai, tsawon zango cikin bututu ba ɗaya yake da na sarari ba, ya fi shi tsawo. Ga yadda ake yi, ka raba katof da firikwensin aikinka, ka yi sikwaya ɗin abin da ya fito, ka cire shi daga 1, ka ɗauki sikwaya rut, sannan ka raba zangon sarari da wagga lamba. WR-90 a GHz 10, zangon sarari milimita 30, 6.56 raba 10 ya ba da 0.656, sikwaya 0.43, saura 0.57, rut 0.755, sai 30 raba 0.755 ya ba ka milimita 39.7. Wagga lamba 0.755 ka yi mata da'ira a takarda don za ta sake yi maka aiki, impidans na igiyar TE shi ne 377 raba ta, kusan om 499, gudun da makamashi ke tafiya da shi kuma ita ce sau gudun haske.

Don ka ga amfanin abin da idonka, haska tocila cikin maƙogwaron LNB. Za ka ga 'yan ƙusoshi biyu sun leƙo ciki, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su ne ke ɗauko sigina na V da na H, rasiba ke zaɓar wanda take so da bolt 13 ko 18. Nisan ƙusa daga abin da ke tare igiyar a bayanta kusan kwata ne na zangon cikin bututu, don igiyar da ta wuce ta buga ta dawo ta iske ta gaba sun haɗa ƙarfi. A bututun milimita 18 da GHz 11.7, zangon sarari 25.6 ne amma na ciki ya kai 46.5, kwatanshi kusan 11.6. Wanda ya yi lissafi da na sarari zai sa ƙusarshi a 6.4, ya zauna yana mamakin inda siginarshi ta tafi.

Wani abu da ya kamata ka gwada a takarda, in anka cika bututu da wani dayilektirik, wato abin da lantarki ba ya bi ta cikinshi, katof yana sauka, ana raba shi da sikwaya rut na εr, lambar da ke nuna yadda abin ke tara filin lantarki in an kwatanta da sarari. Cika WR-90 da teflon mai εr kusan 2.1, katof ya dawo 4.5, amma TE20 ma ya sauko 9.05, wato ya shigo tsakiyar ban ɗinka ya ɓata maka aiki. Kuma mu nan muna da namu dayilektirik da ba a gayyata ba, rana ta fasa murfin roba, zanzaro ya shiga ya gina ɗakin laka cikin maƙogwaro, ko ruwan damina ya kwanta ciki. Laka da ruwa suna canza katof suna kuma shanye sigina, masu dish da yawa sun san a leƙa nan kafin a ce kai ya mutu. Bangon ciki ma ka kula da shi, a GHz 10 lantarki bai shiga jan ƙarfe fiye da maikuromita 0.66, duk tafiyar a fatar sama take, saboda haka tsatsa ko ƙarzuwa ba ƙaramin abu ba ne. WR-90 na jan ƙarfe mai tsabta asararshi wajen dB 0.11 ce a mita guda, babu kebul ɗin gida da zai ko kusanci haka a wanga firikwensi, dalilin da ya sa kenan LNB ke sauko da sigina zuwa MHz 950 har 2150 kafin ya ba kebul.

In kana aiki kusa da dish mai aikawa irin na VSAT, kar ka taɓa kai ido bakin wefgaid yana kunne. Obin ɗin maikurowef na kicin kuma, mai aiki a GHz 2.45, kar ka buɗe shi da sunan bincike, kafasitan ciki yana riƙe wutar da ke kisa ko bayan an cire soket.

Yanzu ƙwayar

Kwance sukurorin baya, ka ɗaga murfin ƙarfen da ya rufe fanel a hankali. In tsoho ne za ka ga 'yan ƙwayoyi zagayayyu, fari ko ruwan ƙasa, an manna su da gam kusa da wani siririn layi, kuma a murfin daidai saman kowace akwai sukuru da anka ɗiga wa fenti ko gam don kar ya motsa. Na Ku ban mai ban biyu ƙwaya biyu gare shi, su ke riƙe firikwensin osileta da LNB ke cirewa daga sigina don ya sauko da ita, babbar ta GHz 9.75 ce, ƙaramar ta 10.6, rasiba ke sauya su da sautin kHz 22. Na C ban guda ce babba, 5.15. Wanda ya taɓa sauraren kiɗan ƙwarya ya san babbar ƙwarya muryarta ƙasa take, ƙarama kuma sama, to haka abin yake nan, girma ke yanke firikwensi.

Mi ke riƙe igiya cikin abin da ba bangon ƙarfe? Bambancin εr ne. Iska 1 take, ƙwayar kuma wajen 38, igiyar da ke ciki in ta zo gefe mafi yawanta komawa take yi. R. D. Richtmyer na jami'ar Stanford ya nuna haka a lissafi a 1939, amma abin ya daɗe bai shiga kasuwa ba. A shekarun 1960 an gwada rutayil, wato TiO2, mai εr kusan 100, S. B. Cohn ya yi filta da shi a 1968, sai dai zafi kaɗan ke kwashe mashi firikwensi. Sai a shekarun 1970 da anka samo tangaran irin su BaTi4O9 da Ba2Ti9O20, daga baya kuma na zakoniyam da tin da titaniyam, waɗanda εr ɗinsu ke tsakanin 37 da 40 kuma ba su cika damuwa da zafi ba, sannan abin ya zama na kowa har ya iso saman kwanon gidajenmu.

Mod ɗin da ake aiki da shi sunanshi TE01δ, kuma ina roƙonka ka zana shi da hannunka kafin ka ci gaba. Filin lantarki yana zagaya ƙwayar kamar zobe, a tsakiya sifili ne, filin maganaɗisu kuma yana fita ta sama ya zagayo ta waje ya shiga ta ƙasa. In εr yana wajen 40, sama da kashi 95 cikin ɗari na makamashin lantarki yana ciki, na maganaɗisu kuwa kashi 60 da wani abu ne, sauran yana waje. Wanga sauran da ke waje shi ne sirrin komi, ta nan ƙwayar ke magana da layin da ke gefenta, ta nan sukuru ke juya ta, ta nan kuma bango ke cinye mata ƙarfi. Wanda ya gane wanga zane ya gane rabin furojet ɗinshi.

Ga lissafin. Darko Kajfez ya ba da wata fomula mai sauƙi ta ƙwayar da ke zaune ita kaɗai a sarari:

f = 34 ÷ (a × √εr) × (a/L + 3.45)

a radiyos ne a milimita, rabin dayamita kenan, L kaurin ƙwayar, f ya fito a GHz. Tana da sharaɗi, a/L ya kasance tsakanin 0.5 da 2, εr tsakanin 30 da 50, cikin wanga iyaka kuskurenta bai cika wuce kashi 2 cikin ɗari ba, in ka fita daga ciki kar ka kafa hujja da ita. Mu ce ka auna ka samu dayamita 5.5, kauri 2.2, mu ɗauka εr 38 ne. a ya zama 2.75, rut na 38 shi ne 6.16, ka ninka su 16.95, raba 34 da shi 2.006, a/L 1.25 ne, haɗa da 3.45 ya zama 4.70, ninka ka samu GHz 9.43.

To amma ai 9.75 muke jira, ina sauran? Ba kuskure ka yi ba. Fomula ta ɗauka ƙwayar tana rataye a sarari, ita kuwa tana zaune kan fanel mai ƙarfe a ƙasa, ga murfi ga sukuru a sama. Duk ƙarfen da ya matso kusa da fuskar ƙwayar a wanga mod yana matse filin maganaɗisun da ke waje, firikwensi ya hau. Shi ya sa masu ƙerawa ke yanka ta ƙasa da inda ake so kaɗan, sai a ɗaure sukuru a hankali har ta iso. In da wani tangaran ne ka matso da shi maimakon ƙarfe, sauka za ta yi. Wannan kuma ya nuna maka tarkon da ke cikin juya fomula don neman εr, in ka sa 9.75 ka yi baya za ka samu wajen 35.5 alhali na gaskiya 38 ne. A rahotonka ka rubuta wanga bambanci da dalilinshi, ya fi maka daraja da ka ɓoye shi.

Awon kalifa ma ka yi shi da natsuwa, ka maimaita ka ɗauki matsakaici. Kuskuren milimita 0.1 a dayamita a wanga girma ya fi MHz 100. Sannan ka duba kauri raba dayamita, a misalinmu 0.4 ne, kuma ba haka kawai anka zaɓe shi ba, wajen nan ne sauran mod irin su HEM11δ da TM01δ ke yin nisa da namu. Wasu ƙwayoyin za ka gan su da rami a tsakiya, tunda filin lantarkin TE01δ sifili ne a nan ramin bai dame shi sosai ba, amma yana ture waɗancan gaba.

Sai Q, wato yadda ƙwayar ke riƙe makamashi ba ta zubar ba. Asara hanya uku take fita, cikin tangaran kanshi, a bangon ƙarfe, da wadda ke tserewa sarari, kuma ana haɗa su ne a juye, 1/Q na duka daidai yake da 1/Q na kowace an tara. Ta tangaran kusan 1 raba tanδ ce, wato lambar da ke auna asarar cikin tangaran. Kamfanoni suna ba da Q×f saboda Q yana sauka in firikwensi ya hau, in anka ce maka 45,000 to a GHz 9 kana jiran wajen 5,000, a GHz 4.5 kuma 10,000. Wanda ya fi kowa ƙanƙanta cikin ukun shi ke mulki, saboda haka ƙwaya mai tsada cikin matsattsen akwati asarar kuɗi ce. Ka ba ta fili, faɗin akwati ya kai ninki biyu nata ko fiye, ka ɗaga ta daga ƙasa da ɗan abin ɗorawa mai ƙarancin asara irin kwaz ko teflon, gam kuma ɗigo kaɗan.

Zafi kuwa mu ya fi shafa. Ana auna shi da τf, kashi nawa cikin miliyan firikwensi ke gusawa a kowane digiri. Tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar watan Afrilu a Argungu ko Jega, kan dish da ke saman kwano yana ganin bambancin da ya wuce digiri 30 cikin sauƙi. In τf na duka haɗin 5 ne, 9750 sau 5 cikin miliyan sau 30 ya ba ka kusan MHz 1.5, rasibar talabijin tana iya bin wannan ba ka ma sani ba. Da rutayil ne mai wajen 450, gusawar ta fi MHz 130. Kuma ka sani ba ƙwayar kaɗai ke motsi ba, akwatin ma yana buɗewa da zafi, shi ya sa ake sayar da ƙwayoyi masu τf daban daban, a zaɓi wadda za ta soke ta akwatin.

Sai yanzu kwamfuta

Da lambobinka a gefe, buɗe manhaja. HFSS da CST duk suna da na ɗalibai kyauta mai iyakar girman aiki, akwai kuma openEMS da ba a biya ko sisi, yana aiki da Octave ko Python. Fara da wefgaid fanko, ka zana WR-90, ka sa fot, wato mashigar sigina, ka ga ko za ta ba ka katof 6.56 da zango 39.7 a GHz 10. In ba ta ba ka ba, matsalar saitinka ce, ka gyara tun nan kafin ka ɗora abu mai wuya a kai.

Ga ƙwayar kuma ka yi amfani da solba ta aigenmod, wadda ke nemo firikwensin da abu ke kamawa da kanshi. Ka sa ta tsakiyar babban akwati tukuna, ka ga ta faɗo kusa da 9.43, sannan ka riƙa ƙara abubuwa ɗaya bayan ɗaya, fanel, murfi, sukuru, kana rubuta yadda kowane ya ture firikwensi da yadda ya rage Q. Wanga tebur shi ne zuciyar binciken. Abu biyu ka kiyaye. Na ɗaya raga, wato ƙananan yankunan da manhaja ke yanka zane ta yi lissafi a kai, zango cikin tangaran gajere ne, a 9.75 wajen milimita 5 ne kawai, saboda haka ragar cikin ƙwayar ta kai 0.25 ko ƙasa, ka riƙa ƙara mata laushi har amsar ta daina motsi. Na biyu, kar ka ɗauka mod na farko a jerin shi ne naka, manhaja tana jero su ne bisa firikwensi, har da na akwatin kanshi. Buɗe hoton filin lantarki ka nemi zoben nan da ka zana. Wata alama mai taimako, mod ɗin HEM tagwaye suke fitowa, biyu a firikwensi kusan ɗaya, TE01δ kuwa shi kaɗai yake tsayawa. Masu openEMS ku yi haƙuri da lokaci, tana bin igiya ne daƙiƙa bayan daƙiƙa, abu mai Q babba kuma yana daɗewa bai yi shiru ba, ka tabbata batirin laftof ɗinka zai kai ko ka jira inda wuta ta zauna.

Awo

In ka samu VNA, na'urar da ke auna sigina nawa ta wuce nawa ta dawo a kowane firikwensi, wadda ta kai X ban, alhamdu lillahi. Kalibireshan tukuna, kuma a daidai inda abin awonka zai zauna. A kebul SOLT ake yi, a wefgaid kuma TRL ya fi, don buɗaɗɗen bakin wefgaid ba ofun ba ne na gaskiya, eriya ne, yana watsa sigina waje. Guntun layin TRL ya zama wajen kwatan zangon ciki, a WR-90 kusan milimita 10.

Ƙananan NanoVNA da ake samu da araha ba su kai can ba, wasu 1.5 suke tsayawa wasu 3 ko 4 da ɗoriya, amma LiteVNA tana kai wa wajen GHz 6, kuma nan ne ƙwayar C ban ke yi maka rana, tunda wajen 5 take. Dokar iri ɗaya ce, ka ninka girma biyu firikwensi ya rabe biyu, abin da ka koya a babbar ya hau kan ƙaramar.

Hanya mafi sauƙi, ka ajiye ƙwayar gefen layin maikurositirif na om 50, ka rufe da murfin ƙarfe, ka duba S21, wato siginar da ta wuce daga gefe ɗaya zuwa ɗayan. A inda take rezonans za ka ga rami ya faɗa. Zurfin ramin ke gaya maka ƙarfin haɗuwarsu, β, don S21 a ƙasan ramin daidai yake da 1 raba 1+β. Rami mai dB 20 yana nufin S21 0.1 ne, β kenan 9. Matsar da ƙwayar nesa da layi da tsinken ashana, kar ka sa ƙarfe ko yatsa, ka ga ramin yana raguwa yana sirancewa. Q na gaskiya shi ne Q da ka auna sau 1+β.

In kuma Q kake so da kyau, ka sa ta cikin akwatin ƙarfe da 'yan madaukai biyu ƙanana na waya, ɗaya kowane gefe, a kwance daidai da fuskar ƙwayar don filin maganaɗisu ya ratsa ta cikinsu, ka janye su har tsinin S21 ya sauka wajen dB 30 ƙasa. Raba firikwensin tsini da faɗinshi a inda ya sauka dB 3. Tsini a 9.75 da faɗin MHz 3 ya ba da 3,250. Sai gyara, dB 30 ƙasa 0.0316 ne, raba 3,250 da 1 ban da 0.0316, ka samu wajen 3,356. Ka matse sifan ɗin VNA sosai kusa da tsinin, in maki uku ko huɗu kaɗai sunka faɗa kanshi lambar da za ka samu ba ta da amfani. Don neman εr kanshi kuma hanyar Hakki da Coleman ta 1960, wadda Courtney ya inganta a 1970, ita ake bi har yau, a matse ƙwayar tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu santsi a nemi mod TE011, don shi ɗan gibin iska tsakanin faranti da tangaran bai cika ruɗa shi ba.

Wanda bai samu VNA ba sam, har yanzu akwai gwajin da zai yi da LNB tsoho mai rai. Tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar da anka harba a Nuwamban 2018 yana zaune a digiri 25.9 gabas, yana ɗauke da tashar masu rediyon sha'awa da ake kira QO-100, kuma Najeriya tana cikin inda yake haskawa. Yana da bikon, wato siginar alama, a MHz 10489.5 da wani a 10490, firikwensinsu a tsaye yake. Ka saita dish can, ka ba LNB bolt 13 ba tare da sautin kHz 22 ba, ka raba siginar zuwa 'yar RTL-SDR, rasibar rediyon da ake soka wa kwamfuta, ta hanyar abin da zai tare wutar DC kar ta ƙone ta. Cire 9750 daga 10489.5, ya kamata ka ga bikon a 739.5. Da LNB mai ƙwaya ba za ka same shi daidai nan ba, ka laluba sama da ƙasa megahaz ɗaya ko biyu, kuma zai riƙa rawa yana yawo. In ka gan shi a 738.7, osileta ɗinka ya hau da kHz 800 kenan, don in shi ya hau abin da ke fitowa sauka yake. Ka ɗaura tamomita jikin LNB, ka rubuta zafi da inda bikon yake bayan sallar asuba, da hantsi, da azahar, da bayan isha'i, kwana da yawa a jere. Ka zana firikwensin osileta a tsaye zafi a kwance, gangaren layin a Hz kan kowane digiri raba 9750 shi ne τf na duka haɗin, ƙwaya da akwati da tiransista. RTL-SDR ɗin ma tana da tata 'yar gusawar, ka nemi mai TCXO, kiristal ɗin da bai cika gusawa da zafi ba, ka ajiye ta cikin ɗaki inda inuwa take, sannan ka maimaita gwajin da LNB na PLL a dish ɗin guda don ka samu abin kwatantawa.